Tahira, Wadda Ta Tambaye Ni Sunan Ɗana

Ina tankaɗen garin tuwo a tsakar gida 'yata Sadiya ta shigo da waya a hannu, ta tsaya a kaina. Sai da na ɗago na harare ta sannan ta ce, "Umma, Malama Tahira ta rasu." Ranar Laraba ce, 14 ga Agusta, 2024, da hantsi. Na ce na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma, sannan na ci gaba da tankaɗena, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Zazzaɓi ne aka ce, na 'yan kwanaki.

Ga wanda bai san ta ba, Tahira Zubair ita ce mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da take zuwa asibitinmu na nan ƙasar Tsanyawa duk ranar Talata, tun daga Ungogo, a motar haya. Mutanen ƙauyenmu likitar magana suke ce mata. Ɗakinta kuwa ɗakin mahaukata suke ce masa, kuma kafin in shige shi ni ma haka nake faɗa.

Tahira, yau da ke zan yi magana, tun da ke kika koya mini.

Kin san abin da ya kai ni wurinki. Mota ta buge ɗana na fari a kan babur, yana hanyar kai gyaɗa kasuwa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya girma a ɗakinta ina kallonsa daga nesa. Ranar da aka shigo da gawarsa ma na yi abin da aka koya mini, na zauna ina amsa gaisuwa da busassun idanu. Mata suna ta cewa, "Kai, Hure ta yi kara, ko ɗigon hawaye." Na karɓi yabon. Bayan an watse sai barci ya ƙaurace mini, tuwo ya riƙa ƙonewa ina zaune a gabansa. Ni da nake koya wa matan unguwa Alƙur'ani, sai ga shi ina tsaka da sura ta ɓace mini. Malam, maigidana, ya yi mini rubutu na sha, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Sadiya ce ta nace da kuka har aka bar ta ta kai ni asibiti.

Ranar farko ko karyawa ban yi ba, wai ko za a ɗebi jinina. Na ja mayafi na rufe rabin fuska kada wani ɗan garinmu ya gan ni a bakin ƙofarki. Na shiga ina neman allura da igiyar ɗaure mutane, sai na tarar da kujeru biyu da fankar da ba ta juyawa. Kika gaishe ni da ladabi kamar 'yar da na haifa, kika ce Sadiya ta jira a waje. Sannan kika yi mini bayani dalla-dalla. Kika ce ke ba kya yin allura, in ana buƙatar magani likita za ki haɗa ni da shi. Kika ce abin da na faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba, ko Malam ba zai ji ba, sai dai in kin ga raina ko na wani yana cikin haɗari. Kika ce duk tambayar da ban so ba ina da ikon in ƙi amsawa.

Sai tambayoyi. Ina samun barci? Ina cin abinci? Wa nake yi wa magana idan abin ya taso? Na taɓa jin gara in mutu in huta? Wallahi raina ya ɓaci. A zuciyata na ce, yanzu na baro wanki da 'yan makaranta na zo hira da yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba? Amma waccan ta ƙarshe babu wanda ya taɓa yi mini ita, kuma amsarta e ce.

Daga nan kika ce, "Malama, yaya sunansa?"

Na ce, "Yaron nan."

Kika buɗe baki za ki sake tambaya, sai kika tsaya. Kika ce, "Ɗan fari ne?" Na gyaɗa kai. Na jira ki ce al'adar jahilci ce, kamar yadda 'yan boko suke yi mana. Ba ki ce ba. Cewa kika yi, "Kunyar nan tarbiyya ce, ba zan raba ki da ita ba. Amma a ɗakin nan babu suruka, babu maƙwabciya. Ranar da bakinki ya iya, ina nan."

Kin gargaɗe ni tun farko cewa abin zai ƙara nauyi kafin ya yi sauƙi. Ban yarda ba sai da na gani. Wata Talata na dawo gida na wuce bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har muryata ta dishe. Na rantse ba zan koma ba, na ce wace irin jinya ce wannan da take tono ciwo. Na yi fashi. Kika kira wayar Sadiya, na karɓa ina jiran faɗa, sai kika tambaye ni ko an gama noman gero na biyu. Da Malam ya nuna damuwa ko hirar nan za ta rage mini tawakkali, kika aiko masa da gaisuwa, kika ce ya ci gaba da rubutunsa, in ci gaba da azkar ɗina, babu wanda ya tare wa wani hanya.

Aikin da kika ba ni ɗaya ne, duk mako in zo da abu guda game da shi. Haka na gaya miki yana son ƙanzo, kuma nakan ɓoye masa in ba ƙanwarsa ta kai masa, kada a ce uwarsa ce ta ba shi. Na gaya miki idan ya dawo daga gona ta tsagar ƙofa nake leƙensa in ga ko ya rame. Ba ki cika magana ba. Wani lokacin mukan yi shiru har in ji kunya, ke kuwa ko gezau. Ban ce na warke ba, kin ma faɗa mini ba mantawa ake nema ba. Amma barci ya fara dawowa, na koma zaure da allona da matana.

Suna ne kawai ya gagara. A zamanmu na ƙarshe ya zo mini har kan harshe, na haɗiye. Na ce, "Talata mai zuwa." Kika yi murmushi kika ce babu gaggawa. Talata mai zuwa ta same ki a kwance.

An ce za a turo wani a madadinki, wai saurayi ne daga birni. Na gaji, Tahira. Da na tuna zan sake zama a kujerar nan in fara daga barci da abinci, in sake bayanin ƙanzo da tsagar ƙofa ga wanda bai san ni ba, sai na ce wa Sadiya an gama, kada ta ƙara yi mini zancen asibiti.

Ranar sadakar uku muka je Ungogo gaisuwa. Aka nuna mana mahaifiyarki a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, da carbi a hannu, idanunta a bushe. Na yi mata gaisuwa ta ce, "Yarinyar nan ba ta taɓa ɓata mini rai ba, Allah ya ji ƙanta." Wata dattijuwa a gefe ta ce, "Baiwar Allah, 'yar fari ce fa, amma dubi yadda ta yi kara." Ba ki taɓa gaya mini ba. Ashe duk zaman da kika yi kina jiran bakina ya buɗe, ke ma ba ki taɓa jin sunanki a bakin wadda ta haife ki ba. Na matsa kusa da ita na riƙe hannunta, na yi ƙasa da murya na ce, "Inna, kina samun barci kuwa?" Ta dube ni, ta girgiza kai, ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci tsohuwa tana da shi ba. A mota na ce wa Sadiya ta tambayo mini ranar da saurayin nan zai fara zuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki Malam Basiru, da 'ya'yanki, da duk waɗanda suka riƙa rufe fuska a bakin ƙofarki kamar ni. Allah ya ba su haƙurin da ba ya cin mutum ta ciki. Allah ya ji ƙanki, Tahira, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya saurare ki da rahama kamar yadda kika saurare mu. Allah ya haɗa ki a Aljanna Firdausi da iyayenmu da suka riga mu, da ɗana Abdulrashid.

Hannuna ne ya rubuta sunan, bakina bai faɗa ba tukuna. Ranar Talata zan gwada, in Allah ya kai mu. Allah ya sa mu cika da imani, amin.