Ammu Dahab, Mai Riƙe da Tsohon Kulob

Duk wanda ya saba bi ta titin bakin ruwa a nan Bur Sa'id bayan sallar asuba ya san abin da zai tarar a gaban tsohon kulob. Wani dattijo ne dogo, baƙi, siriri, cikin farar jallabiya da ya naɗe hannayenta, yana wanke matakalar dutse da bokiti biyu. In ya gama sai ya ɗauki tsumma ya bi katakon baranda ɗaya bayan ɗaya yana goge gishirin da iskar teku ta bari. Daga nan ya hau sama ya buɗe tagogi goma sha huɗu, ya sauko ya ɗora shayi, ya tsallaka titi wajen Girgis mai wake da kwanonsa a hannu. Shekara talatin ke nan suna wannan ciniki, kuma ban san safiyar da suka rabu ba tare da sun taɓa juna ba. Girgis zai ce, "Ga gwamnan katako ya fito." Shi kuma ya leƙa tukunya ya ce, "Yau ma ruwa ka dafa, ko an yi sa'a wake ya faɗa ciki?"

Wannan shi ne Ammu Dahab, wato Baffa Dahab a bakin mutanenmu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara hamsin da ɗaya a gida ɗaya. Yanar ido ta rufe masa ido guda, gwiwoyinsa kuma sun daina shiri da matakala. Ni Intisar, malamar ajin yaƙi da jahilci na mata da ke ƙasan ginin, na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Turawan kamfanonin jiragen ruwa ne suka gina gidan tun ba a haifi kakata ba, don su samu wurin shan sigari da karanta jaridun ƙasarsu. Na maza ne zalla. Ko matar shugaban kulob ce ta zo neman mijinta, a cikin keken doki za ta tsaya a aika masa da 'yar takarda. Ɗan ƙasa kuwa ba ya shiga sai ta ƙofar baya, kuma sai in aiki ya kawo shi. Ta wannan ƙofar Dahab ya shiga a 1954, yana da shekara goma sha tara, daga wani ƙauyen Nuba da ke gaba da Aswan. Kawunsa ne kukun gidan. Aka ba shi farar riga da jar ɗamara, aka koya masa ɗaukar tire ba tare da kofi ya yi ƙara ba. In yana ba da labarin lokacin ba ya zagi. Yakan ce akwai mutanen kirki a cikinsu, akwai kuma waɗanda duk ma'aikacin da suka gani Muhammad suke kiransa, don kada su wahalar da kansu riƙe suna.

Shekara biyu da zuwansa yaƙi ya zo. Kafin jirage su fara ruwan wuta, 'yan kulob sun riga sun watse. Magatakardan gidan, wani tsohon Bature ɗan Malta, ya miƙa masa makullai ya ce ya riƙe kafin su dawo. Kawunsa ya koma kudu. Aka bar Dahab shi kaɗai da ɗakuna ashirin.

Unguwarmu ta katako ce, kuma ta ƙone a yini guda. Mahaifiyata tana da cikina wata tara. Ita ta ba ni labarin yadda suka fito da tabarma da tukunya ɗaya, su da makwabta kusan gida talatin, suna tafe ba su san inda suka nufa ba, har suka zube a inuwar barandar kulob don ƙafafunta sun ƙi. Ta ce sun ji ana zare sakata, suka yunƙura za su tashi don sun ɗauka kora ce. Sai ga wani saurayi ya buɗe babbar ƙofar gaba, duka ɓangare biyu, ƙofar da shi kansa bai taɓa bi ba. Ya ce, "Ku shigo, iyayena. Ku yi hankali da matakala, tana da santsi."

Washegari da hantsi naƙuda ta kama ta. Daɓen dutse ne mai sanyi, ga mutane ko'ina. Ungozomar da ke cikin 'yan gudun ta duba ta ga babu wuri mai faɗi da tsabta sai babban teburin nan mai koren mayafi da Turawa ke buga ƙananan ƙwallaye da sanda a kai. Dahab ya kwaso fararen mayafan teburin cin abinci na kulob, gogaggu, ya tafasa ruwa, ya kori maza waje, ya tsaya a bakin ƙofa. A kan wannan teburi aka haife ni, a gidan da mace ba ta taɓa taka ƙafa ba. Babana ya sa mini Intisar, wato nasara, tun ba a ga nasarar ba. Ammu Dahab kuwa har gobe 'yar tebur yake ce mini, ko a gaban ɗalibaina ne.

Kwana uku bayan haka wani Bature, hafsan sojan mamaya, ya zo da mutum biyu ɗauke da bindigogi, yana son gidan ya zama masaukinsu. Mahaifiyata ta ce maza sun yi tsuru-tsuru, mata sun rungume 'ya'ya. Dahab ya shiga ciki ya sa farar rigarsa ta aiki, ya ɗaura jar ɗamara, ya fito ya tsaya a tsakiyar ƙofa. Da irin Turancin da ya koya wajen raba shayi, ya rusuna kaɗan ya ce, "A yi haƙuri, yallaɓai. Kulob a cike yake." Hafsan ya leƙa ta saman kafaɗarsa, ya ga tabarmi, ya ga tsummokin jarirai a shanye a kan ƙahonnin barewar da ke bango. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya.

Masu gidan ba su dawo ba. Bayan wata huɗu aka sama wa mutane matsuguni, hukuma ta karɓi ginin ta mai da shi ofishin matasa, aka bar Dahab a matsayin mai gadi. A zauren shiga akwai allon tagulla mai sunayen shugabannin kulob tun na farko. Samarin lokacin, jininsu na tafasa, suka zo da guduma za su ɓamɓare shi. Ya tare. Suka ce ko har yanzu bautar Turawa yake yi? Ya ce musu in suka cire, nan da shekara ashirin 'ya'yansu za su ce ƙarya yake yi in ya ba su labarin zamanin Turawa. Allon yana nan, yana goge shi duk ranar Alhamis.

Lokacin da aka gina babbar madatsar ruwa a kudu, ƙauyensu ya nutse, da dabinon kakansa da kabarin mahaifinsa. Ya je ya taya mahaifiyarsa ƙaura, ya dawo bayan sati biyu, bai yi wa kowa zancen ba sai matarsa Sakina. Ita ce ta gaya wa mahaifiyata cewa ya ce yanzu ba shi da wani gida a duniya sai wannan na katako.

Shi ya sa da aka kwashe mutanen garin nan gaba ɗaya a 1969, saboda luguden wutar da ake yi ta tsallaken ruwa, ya tura Sakina da yara, shi ya nemi takardar zama. Shekara biyar ya yi a garin da babu kowa sai sojoji da kyanwoyi. Ɓarɓashin bom ya yage rufin gabas. Babu kafinta, babu kanti a buɗe. Ya riƙa zuwa bakin ruwa yana ɓalle katako daga jiragen masunta da suka ruɓe, yana ɗaukowa a kafaɗa, ya toshe rufin kafin ruwan hunturu. Ina da shekara goma sha takwas muka dawo. Mun tarar da gidanmu babu ƙofa babu taga, na ga babana yana kuka a karo na farko. Muka bi ta bakin ruwa. Sai ga kulob, tagoginsa a buɗe, da tukunyar ɗoɗɗoya kore shar a baranda. Ammu Dahab ya dube mu kamar jiya muka rabu, ya ce wa babana, "Kun makara, Abu Intisar. Shayin ya huce."

Daga baya aka mai da saman ginin ɗakin karatu, ƙasan kuma ajin mata. Aka samu shekaru na kwanciyar hankali, har lokacin da gidajen katakon garin nan suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, dogayen benayen siminti suna tsirowa a gurbinsu. Kowa ya san yadda ake yi. Ana sakar wa tushen gida ruwa har ya tsage, sannan kwamiti ya zo ya rubuta cewa hatsari ne ga jama'a.

A 1998 wani mutum mai kwat da turare ya zo ya same shi. Ina ajina, ƙofa a buɗe, na ji komai. Ya yi masa tayin ɗaki uku a sabon bene da kujerar Makka. Abin da ake so kawai shi ne ya tafi ganin 'yarsa na sati biyu, ya manta bai kulle ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba. Ammu ya zuba masa shayi, ya tura masa sukari, ya ce, "Sha, ɗana. Hajji na riga na yi. Hawa na tara kuma gwiwata ba za ta iya ba."

Bayan wata guda, ranar Juma'a, ya dawo daga masallaci ya ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. An fasa ƙofar baya, an dake babban bututu da guduma, ruwa ya kai gwiwa. Kwamitin injiniyoyi kuma ranar Lahadi zai zo. Ya rufe ruwan daga titi, ya nufi tashar masunta da jiƙaƙƙiyar jallabiyarsa. Bai roƙi kowa ba. Ya tsaya ne kawai ya faɗi abin da ya faru, kuma rabin mutanen da ke wurin iyayensu sun kwana a gidan a shekarar gobara. Suka ciro injin jan ruwa daga wani jirgi. Ɗalibaina suka zo da bokitai da bahon wanki. Girgis ya rufe tukunyarsa ya shiga layi yana mita cewa bai taɓa ganin gwamnan da ke sa talakawansa kwasar ruwa kyauta ba. Muka yi yammacin Juma'a da yinin Asabar. Ammu, mai shekara sittin da uku, shi ne a can ƙasa cikin ruwan yana cika bokiti, har ƙafafunsa suka kumbura takalmi ya ƙi shiga.

Shugabar kwamitin wata matashiya ce, Injiniya Mirfat, ba ta dariya. Daga baya muka saba, ta gaya mini cewa ta zo ne da tunanin aikin minti ashirin. Ammu ya riƙe ta awa uku. Ya ba ta doguwar ƙusa ya ce ta soki duk ginshiƙin da ta ga dama. Ta soka, ƙusa ta ƙi shiga. Ya gaya mata shekarar da ya canza kowane katako da dalili, ya nuna mata na jiragen masunta a rufi, ya nuna mata man da yake shafa wa ɓangaren teku sau biyu a shekara, irin wanda ake shafa wa jirgi. Ya kuma kai ta ƙasa ya nuna mata bututun da shaidar guduma a jiki. Ta rubuta abin da ta gani. Ba a taɓa kama wanda ya fasa bututun ba, amma shekara ta gaba aka sa gidan cikin jerin waɗanda ba a rushewa.

Ba zan ce ba shi da hali ba. Taurin kai gare shi. Ya taɓa bin wani babban jami'i har bakin mota don ya kashe sigari a kan katakon matakala. Ni kaina ya sha mai da ni waje in kakkaɓe yashin takalmi, da furfurata da komai.

Amma kai ne, Ammu, ka buɗe ƙofar da aka ce maka ba taka ba ce, ranar da ba mu da inda za mu. Kai ne ka zauna da gidan lokacin da garin ya zama kango. Mata fiye da dubu sun koyi rubuta sunansu a ɗakin da a da ko inuwarsu ba a so, kuma duk wadda ta riƙe alƙalami a wurin, a ƙarƙashin rufin da ka ɗauko a kafaɗarka ta riƙe shi. Dahab, wato zinariya, aka sa maka suna, kuma gishirin teku bai ci ka ba.

Ranar Alhamis da ta wuce ɗalibaina suka yi masa ɗan biki a babban zaure, da kifi da shinkafa. Muna cikin ci na ɗaga kai na gan shi da tire yana raba mana shayi. Ummu Shauƙi, wadda ta fi kowa tsufa a ajin, ta karɓe tiren ta ce wallahi yau sai ya zauna. Muka ja shi zuwa kujerar fatar nan da ke gaban babbar taga. Ya yi ta nonnoƙewa, daga ƙarshe ya faɗa mana cewa tun da ya zo gidan bai taɓa zama a kanta ba. Ya ɗosana a bakinta, sannan a hankali ya jingina. Wani ƙaton jirgi yana shigowa mashigin ruwa, iska tana kaɗa labule. Ya bi jirgin da kallo da idonsa mai gani. Can ya ce, "Ashe shi ya sa Turawan nan ba sa son komawa gida."

Garin nan cike yake da abubuwan da aka ba mutane riƙo: makaranta, asibiti, jirgi, tsohon masallaci, tsohuwar coci. Wanda duk aka ba wa wani abu, ya zo ya ga yadda mutum ɗaya ya riƙe nasa, ya koma ya yi haka. Wanda kuma ya taɓa karatu ko fakewa a gidan nan, ya zo ya gaishe shi kafin wata ya ƙare.

Mun gode, Ammu. Allah ya saka maka da gidan da ya fi wannan. Yi zamanka a kujerar, shayin yau mu za mu kawo.