Sammani, Mai Ƙarasa Mana Fim da Baki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu 2025, da rana tsaka, ina tsaye a ƙofar ma'ajiyar kayan da nake gadi a Doha, Babaji abokina na ƙuruciya ya kira ni daga Katsina. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Salisu, Yaya Sammani ya rasu. Yanzu muka dawo daga maƙabarta." Babu wanda zai karɓe ni aiki. Haka na ƙarasa yinin a tsaye, ina buɗe wa motoci ƙofa ina rufewa.

Yaya Sammani, na ga sanarwar da aka yi ta yawo da ita a waya. An rubuta cewa kai ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya aka yi ba, amma an ɓoye gaskiya. Mai gidan kallo ne kai a Ƙofar Durbi, shekara ashirin da wani abu. Wasu daga cikin waɗanda suka rubuta sanarwar, benci ɗaya muka zauna da su a rumfarka, baki buɗe. Yau sun zama Alhazai, suna jin nauyin a ce can suka taso. Ni ban zama kowa ba, don haka ba ni da abin ɓoyewa.

Rumfar kwano ce, da benci shida, da talabijin ɗaya da kake rufewa da zane kamar amarya. A ƙofa akwai allo, inda kake zana jarumin fim ɗin ranar da alli, ka raɗa wa fim ɗin suna na Hausa, tunda babu mai iya karanta na jikin kaset. Har yau da sunayenka na san su. Da an kira sallah kake kashe bidiyo, ko da akta ya ɗaga ƙafa zai tokari bos, ka kora mu masallaci kana bin mu a baya. Wanda ya zo da kayan makaranta a jikinsa kuwa, ko zaure ba ya taka maka. Lokacin da ka kawo na'urar wasan gem, ka kafa doka: wanda ya ci sau uku a jere ya tashi ya ba wani, kada gwanaye su cinye yinin. Shekarar da mahaifinmu ya kwanta jinya, kai ka riƙa ɗaukar shi a babur zuwa asibiti, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba zan wanke ka tas ba. Kana da zafin rai, kuma ba ka mantuwa. Wanda ya kuskura ya faɗi ƙarshen fim alhali ana cikin kallo, mako guda ba zai sake shiga ba, ko ubansa ya zo roƙo.

Kasetocinmu na hannu na uku ne ko na huɗu, an kwafo daga wanda aka kwafo. Sau da yawa zaren yakan ƙare fim bai ƙare ba. Ana tsaka da faɗan ƙarshe sai hoto ya zama yashi. A nan kake miƙewa, ka gyara hula, ka ce, "Ku zauna, ni na gan shi cikakke a Kano." Sai ka ƙarasa mana da baki, kana naushin iska, kana faɗuwa, kana kukan bos da maƙogwaronka. Wallahi mun fi son kaset mai yankewa.

Akwai na Canis ɗin nan da ka sa wa suna Mai Sandar Gora. Ya yanke daidai inda ɗalibi ke gudu zuwa ga malaminsa da maƙiya suka kewaye. Ka ce mana ya isa a kan lokaci, suka haɗa baya suka gama da su. Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da wannan a kaina.

Bara na ci karo da fim ɗin cikakke a intanet. Na kalla, na ga ba haka aka yi ba. Na nemo wasu uku, su ma haka. Ashe ba ka taɓa ganin su a Kano ba. Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya kai. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar wasu, abin da ya rage masa na gida kaɗan ne, kuma sai na ji kamar an taɓa mini shi. Na shiga zauren wayar da muka buɗe, mu tsoffin 'yan rumfa, kana ciki, na rubuta: "Jama'a, ashe Yaya Sammani zuƙi yake mana." Aka yi ta dariya yini guda. Waɗanda ke kunyar rumfarka su suka fi kowa darawa. Washegari ka fita daga zauren.

Wata biyu da suka wuce Babaji ya turo mini saƙo: wai ka ce a tambaye ni, a ainihin Mai Sandar Gora yaya aka ƙare? Na ɗauka baƙar magana ce. Na ce, "Ya nema ya kalla, ai yana da waya." Sai ranar rasuwarka Babaji ya gaya mini ciwon suga ya riga ya cinye maka ido tun kafin nan, kai ka hana a faɗa. Da gaske kake tambaya. Kai ma ba ka taɓa sani ba, kuma kana so ka sani.

To ga amsarka, Yaya, ko da yake ta zo a makare. Ɗalibin bai isa ba. Ya tarar an riga an binne malamin. Ya tsaya a kan kabarin cikin ruwan sama, rubutu ya hau, shi ke nan.

Abin da ka faɗa mana ba gaskiya ba ne, ba zan ce gaskiya ne ba don ka mutu. Amma mutum arba'in ne a gabanka, zare ya ƙare, ba ka so mu tashi da rabin labari. A kanka ka haɗa sauran nan take, a tsaye, kuma ko sau ɗaya ba ka bari na kirki ya faɗi ba. Wannan baiwa ce. A wata ƙasar da an biya ka ka rubuta. A tamu, ni da na fi kowa morar ta, ni na kira ta zuƙi.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Yaya Ma'u, da ɗanka Ashraf da ƙannensa, da jama'ar Ƙofar Durbi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Babaji, ka sa wannan a zauren, inda na yi waccan maganar, kowa ya gani. Sannan ka je gidan ka karanta wa Yaya Ma'u, kada ka tsallake komai. Wanda na yi wa laifi ba zai iya amsa mini ba. Ka roƙe ta, in ta taɓa jin ya ce ya yafe, ta faɗa maka. In kuma bai faɗa ba, kada ka gyara mini maganar. Ka kawo mini ita yadda take.