Ranar da Ba Jilali Ya Kai Tasinsa Filin Tsere

Shekara goma sha tara muna raba mota ɗaya da Ba Jilali, wato Baba Jilali a bakin mutanenmu, shi safe ni yamma, kuma har yau ban ga mutumin da ƙafarsa ta raina kamar wannan tsohon ba. Jar tasi ce ƙarama, irin tamu ta cikin Kasablanka, mai ɗaukar fasinja uku. Hajja muke kiranta. Shi ya saye ta sabuwa fil, ni daga baya na shigo.

Yana ɗan shekara sha bakwai ya baro ƙauyensu a Dukkala, ya yi wankin mota a bakin tashar jirgin ƙasa, daga nan ya kama sitiyari, shekara arba'in da ɗaya bai sake shi ba. Abin da sana'ar ta bar masa shi ne, da an ɗaga hannu sai ƙafarsa ta taka birki. Ba shawara take yi da shi ba. A gidan shayi in wani ya ɗaga hannu yana neman ƙari, sai ka ji Ba Jilali ya doki ƙasa, dam! Ranar bikin 'yarsa shi ya ja motar amarya, wata mata ta ɗaga hannu a hanya, ya tsaya ya ɗauke ta da kwandon kifinta. Sai da aka zagaya da amarya unguwar Hay Hasani sannan aka wuce wurin biki. Wata guda matarsa Lalla Zuhur ba ta yi masa magana ba.

To, sai hukuma ta ce tsofaffin tasi sun isa hutu: ka miƙa taka a niƙe, ka karɓi sabuwa. Aka yanka wa Hajja ranar Litinin. Tsohon ya rame, ya daina ma yi min faɗa a kan kujerar da nake jan baya.

Akwai wata fasinjarsa ta kullum, Dakta Ibtisam, likitar haƙori. Ita ke shugabantar wata ƙungiya da ke hayar filin tseren motoci can bayan gari, Asabar ɗaya a wata. Kowa ya zo da motar da yake hawa zuwa aiki, ya yi ta zagaya titin iya ƙarfinsa. Ba kofi, ba na ɗaya, ba na biyu. Ni dai a ganina ɓarnar taya ce ta waɗanda suka ƙoshi. Amma ranar da ta ba shi labarin, da ya zo miƙa min makulli idonsa har ƙyalli yake.

"Mubarak, ba danja, ba ɗan sanda, ba fasinja. Shekara ashirin da shida baiwar Allahn nan ba ta taɓa cin kilomita biyu a jere ba. Giya ta biyar ma ban san ko tana aiki ba. Zagaye ɗaya nake so ta yi ba tsayawa kafin su niƙe ta."

Na ce, "Ba Jilali, wa ya hana ta? Ai kai ne."

"Rufe min baki, ka nemo mana hular kwano."

Ranar Juma'a ya mayar da takardun tasi, muka kwance allon da ke kan rufin. Da allon nan doka ba ta barin mu fita daga gari, don haka Asabar ɗin ce Hajja ta fara ganin gona.

A filin aka ce kowa ya kwashe komai daga cikin motarsa, kada wani abu ya tashi ya buge shi a kwana. Mutane suka fitar da tabarau da gorar ruwa. Mu kuwa muka fitar da butar shayi, da lema goma sha ɗaya da fasinjoji suka manta, da haƙoran roba naɗe a hankici, waɗanda ya adana shekara tara ko mai su zai dawo. Dakta ta jujjuya su ta ce aikin mai kyau ne. Sannan ta tara mu ta yi bayani: titin kilomita uku ne, kowace kwana akwai mai tuta a tsaye, kuma babban laifi shi ne tsayawa a kan titi, don na bayanka a guje yake.

Ni tun da na ji an ambaci mutane a tsaye a bakin titi na san akwai rigima.

Aka sake su. Ina jingine da shinge ina kallo, Hajja ta fita tana kuka kamar injin niƙa. A kwanar farko wani dattijo, Si Allal, tsohon malamin makaranta, ya ɗaga koriyar tuta, alamar hanya lafiya. Ƙiii! Ba Jilali ya tsaya cak, har da sauke gilashi.

"Ina zuwa, Sidi?"

Wani saurayi da ke biye da shi a wata baƙar mota mai kwance da ƙasa ya kauce, ya yi juyi biyu a cikin tsakuwa. Ya fito yana kiran sunan babarsa.

Dakta ta sha mur. "Ba Jilali, kana da girma a idona, amma kashe min mutane za ka yi. Ba za ka sake shiga tare da kowa ba."

"Na sani, 'yata. Wallahi na san ba fasinja ba ne. Ƙafar ce."

Ta tausaya. Da aka yi hutun azahar ta bar masa titin shi kaɗai. Ƙa'idarsu ba mota a titi sai masu tuta na wurarensu, don haka aka roƙe su kowa ya zuba hannu a aljihu. Na shiga gaba. Kwana ɗaya, biyu, biyar, muna tafe, ina ta ihu, "Ka kalli gabanka, tsoho!" Sai a ta shida ƙuda ya sauka a hancin mai tutar, bawan Allah ya kore shi. Hular kwanona ta daki gilashin gaba.

Ba Jilali ya dawo ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ɗora hular a cinya. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma gaskiya ya ba ni tausayi har na kasa tsokanarsa. Si Allal ya zo da kofin shayi ya tsugunna kusa da shi.

"Ɗan'uwa, a cikin gari ba ka taɓa wuce mai ɗaga hannu ba ke nan?"

"Ya za a yi in wuce mutum? Sai fa in mota ta cika."

Si Allal ya dube ni, na dubi Dakta. Ta ce fasinja ɗaya ƙa'ida ta yarda, ba uku ba. Ta maimaita har sau biyu. Da la'asar sakaliya, bayan an sallami sauran direbobi, saura minti goma a rufe fili, sai ga ta da hular kwano a ka, ta buɗe ƙofar baya ta shiga. Si Allal ya miƙa wa wani tutarsa ya bi ta. Na zauna gaba.

Ba Jilali ya ƙirga mu ta madubi, ya yi bisimilla, ya taka.

Jama'a, ashe Hajja tana da murya! Mai tutar farko ya ɗaga kore, tsohon ya ɗago yatsu uku ta taga, alamarmu ta mota a cike, muka wuce fuu. Duk kwana sai Dakta ta faɗa kan Si Allal huluna su gwaru, shi kuma ya ce ta yi haƙuri. A doguwar miƙa ya lallaɓa giya ta biyar, ta yi gardama kaɗan, ta shiga. Allurar gudu ta hau ɗari da goma, motar duk tana rawa, ƙofata na neman buɗewa na riƙe ta da hannu biyu. Mai ƙuda ya ɗaga hannuwa duka biyu yana tsalle, ko a jikin ƙafar. Muka tsallake layin ƙarshe ana kaɗa mana tutar an gama.

Zagaye ya cika. Ba Jilali ya ɗan sassauta, ya tambaya yadda ya saba tambaya, sai dai muryar ta dushe.

"Wa zai sauka?"

Dakta ta juya tana kallon taga. Can Si Allal ya yi gyaran murya.

"Ni dai gaba kaɗan, ɗan'uwa."

Duk sanda muka zo layin sai ya tambaya, Si Allal ya ce gaba kaɗan. Mai gadi ya fito yana nuna mana agogo, aka ɗaga masa yatsu uku. A zagaye na bakwai mai ya ƙare, Hajja ta yi tari ta gangara ta tsaya da kanta a kwanar da ta fi nisa da ƙofa. Mu uku muka tura da hulunanmu a ka, shi yana ciki riƙe da sitiyari, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Ranar Litinin da sassafe ya zo ƙofar gidana da motar a wanke. Ya ajiye min makulli a hannu, ya ce ni in kai ta wurin masu niƙa, shi yau a ƙasa zai koma gida.