Idon Baba da Tseren Ƙarshe

Babana direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya. Kakanninmu fataken goro ne da suka zo Wagadugu da jakuna suka zauna, shi kuma ya gaji hanyar, sai dai ya musanya jaki da mota. Shekara da shekaru yana ɗaukar albasa da wake daga nan Zongo zuwa kudu, ya dawo da goro da doya. Motar ba tasa ba ce, ta Alhaji ce, abokinsa tun makarantar allo, wanda Allah ya buɗa wa ya sayi manyan motoci. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa tun ina goye bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce min.

Ni na jawo mana tseren motoci cikin gida. Ina aiki a wani farmasi, wato kantin magani, a unguwar Paspanga, na sayo dekoda mai kamo tashoshin waje don Inna ta riƙa kallon wasan kwaikwayo. Wata Lahadi Baba yana canza tasha ya faɗa kan wasu motoci masu rarrafe da ciki kamar ƙadangaru. Ɗaya ta shiga gefe, mutane suka rufe ta, kafin ka ƙifta ido an canza mata taya huɗu ta fice. Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Ni taya ɗaya kan cinye min rabin yini a bakin hanya," in ji shi. "Waɗannan mutane ne kuwa?"

Daga ranar aka fito da tele, wato talabijin, zaure. Duk Lahadin da ake tsere, ana idar da azahar sai zaure ya cika: Alhaji da carbinsa, maƙwabcinmu tela Bamoshe, da wasu tsofaffin direbobi da ba su taɓa yarda wani ya iya tuƙi a duniya ba in ba su ba. Faransancin Baba na shingen jandarma ne, ya ishe shi miƙa takardu da gaisuwa, amma masu sharhin tsere suna zuba kamar an kunna famfo. Sai aka naɗa ni tafinta. Mace ba ta zama cikin maza, don haka 'yar kujerata tana bakin ƙofar da ta shiga tsakar gida, daidai bayan kujerar Baba.

A shekarar da nake ba da labari, mutum biyu ne ke neman kofin duniya, kuma 'yan kamfani ɗaya ne. Motocinsu iri ɗaya, launi ɗaya, ba ka bambance su sai da hular kwano: ɗaya fara, ɗaya baƙa. Mai farar hula ya daɗe yana cin kofi, mai baƙar kuwa sabon jini ne da bai san tsoro ba. Baba ya sa musu Tsoho da Yaro, ko da yake Tsohon nan da a Zongo yake da har yanzu aiken sa za a riƙa yi kasuwa. Kowane tsere ana ba da maki, wanda ya fi tarawa a ƙarshen shekara shi ne zakara. Yau Tsoho ya wuce, wani mako Yaro ya kamo shi. Baba kam ya ɗauki lamarin kamar gadon gidansu ake rabawa.

"Yaro da ƙafa yake tuƙi," yakan ce. "Tsoho da kai yake yi."

Cikin damina na gane. An nuno mota ɗaya kusa, farar hula ta cika gilashin tele, sai Baba ya karkato da kansa baya ya ce a hankali, "Uwata, wane ne wannan?" Na ɗauka wasa yake. Bayan kwana biyu na gan shi yana tsiyaya shayi, rabi a kofi rabi a kan faranti. Na tsaya na dubi ƙwayar idonsa a hasken rana, na ga fari-fari a ciki. A wurin aiki ina ganin irin wannan kullum. Yanar ido ce ta fara rufe masa ido biyun.

Na faɗa wa Inna a madafa, ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba. Ashe ta riga ni sani da daɗewa. Ita ke ajiye masa takalmi wuri ɗaya, ita ta hana a gusa ko da buta a tsakar gida. Ta ce ba a kallon namiji a gaya masa irin wannan magana, rufa masa asiri ake yi. Na yi ƙarfin hali na same shi na ce mu je asibitin ido, aikin ba wani babba ba ne. Ya ce duk wanda ya gan shi a layin asibitin ido, kafin la'asar labari ya kai gareji.

"Hanyar kudu na san ta kamar yunwar cikina," ya ce. "Da rana nake tafiya, kuma ina ganin abin da ya kamata direba ya gani."

Sai na bi sahun Inna, har na fi ta zaƙewa. Daga kan 'yar kujerata na riƙa raɗa masa komai, kamar fassara nake yi. In ce, Tsoho na gaba, Yaro na manne da shi, an shiga kwana. Shi kuma ya ɗaga murya ya nuna tele da yatsa: "Ku dubi yadda ya rufe masa ƙofa a kwanar nan." Zaure ya gyaɗa kai. Mun ƙware har ba ka gane inda maganata ta ƙare tasa ta fara. Ba zan ɓoye ba, daɗin abin nake ji. Ban taɓa kusantar mahaifina kamar a watannin nan ba, kuma ban tsaya na yi tunanin inda abin zai kai mu ba.

A lokacin hanyoyin arewa sun riga sun lalace. Akwai garuruwan da 'yan bindiga suka yi wa ƙawanya, abinci ba ya shiga sai an tara manyan motoci a yi ayari, sojoji gaba da baya. Yaran gareji suna ce masa konbuwa, su Baba suna ce masa ayari kamar yadda kakanninsu ke faɗa. Direbobin da suka je suka dawo sun rage hira. Abin da suke faɗa kaɗan ne: ba a tsayawa, kana bin sawun tayar na gabanka daidai cikin ƙura, idonka a ƙasa, domin inda ka ga an taɓa ƙasa an sake rufewa, nan ne ba a takawa. A layinmu kaɗai an yi zaman makoki biyu ba tare da gawa ba.

Saura mako biyu tseren ƙarshe, Baba ya dawo daga gareji yana fara'a ya ce motarsa na cikin ayarin da zai tashi ranar Talatar bayan tseren. Matasan direbobi sun noƙe, shi ya miƙe ya ce a ba shi. Inna ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta shige ɗaki. Ranar tuwon ya kama.

Na hau babur ɗina na tafi gidan Alhaji a unguwar Dasasgo. Kai ƙarar uba ba ƙaramin abu ba ne, sai da na sha ruwa na gaishe da kowa har da jikoki kafin bakina ya buɗe.

"Baba Alhaji, idon Baba ya fara gajiya. Da an bar shi a hanyar kudu."

Ya yi dariya har carbinsa na kaɗawa.

"'Yata, tsoro ne irin naku na mata, kuma ban ga laifinki ba. Amma idon babanki? Motocin nan da ke wucewa kamar walƙiya, ni sai sun yi nisa nake gane su. Shi ke gaya mana wanda ke gaba kowace Lahadi. Da ina da idonsa ai da na gode Allah."

A hanyar dawowa sai da na tsaya gefen titi na kashe babur. Shaidar da Alhaji ya kafa, ni na ƙera ta da bakina, Lahadi bayan Lahadi.

Ranar tseren ƙarshe Tsoho da Yaro kusan kunnen doki suke, wanda ya riga ɗan'uwansa isa shi ne zakara. Da safe Inna ta soya masar gero ta raba sadaka, ta wanke wa Baba kayan tafiya ta shanya. Jakarsa tana jingine a zaure kusa da tele. Duk wanda ya shigo sai ya kalle ta sannan ya kawar da kai. Tela ya yi gaisuwarsa da Mosanci, yarensu, Baba ya amsa da lafi bala, lafiya lau ke nan, aka zauna.

An tashi Tsoho na gaba. Na raɗa, Baba ya maimaita, komai kamar kullum. Wajen tsakiyar tsere Tsoho ya shiga canza taya, ɗaya ta ƙi fita da wuri, kafin ya koma kan hanya Yaro ya wuce. Yanzu baƙar hula ce a gaba, fara na bin ta. Na buɗe baki zan faɗa, idona ya sauka kan jakar nan. Na rufe bakina.

Baba ya ɗan karkato.

"Uwata?"

"Ba su ce komai ba, Baba. Maganar taya suke yi."

Ƙarya na yi wa mahaifina, kuma na ji ta har cikin haƙorana. Masu sharhi suna ta kiran sunayen biyu a haɗe da gudu, ba abin da zai tsinta. A saninsa Tsoho ne a gaba. Abin da yake gani inuwa biyu ne iri ɗaya, ɗaya na bin ɗaya.

Zagaye ya yi ta raguwa, ta baya na matsowa. Zaure ya yi tsit, ko carbin Alhaji ya daina motsi. Baba ya saba shi ke jan hira, shirun ya yi masa yawa. Ya miƙa yatsa ya nuna motar gaba.

"Riƙe shi, Tsoho. Kar ka ba yaron nan hanya."

Tela ya waiga ya kalle shi. Aka nuno motar gaba kusa, baƙar hula ta cika gilashi.

"Haka nake so," in ji Baba. "Ku dubi yadda ya zauna daram. Wannan sai wanda ya daɗe a hanya."

Alhaji bai kalli Baba ba, ni ya kalla, ta saman kafaɗarsa. Na sunkuyar da kai. Da kalma huɗu zan iya gyarawa, in ce Baba wasa yake yi, a yi dariya a wuce. Na danne harshena da haƙori.

Ana saura zagaye biyu, Tsoho ya kutsa ta ciki a wata kwana ya wuce. Direbobin nan sun fara miƙewa don murna, sai Baba ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi," ya ce. "Yaron nan ya cinye shi."

Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Aka kaɗa tuta, a tele ana ta tsalle da rungumar juna, a zaurenmu ba wanda ya ce uffan. Baba ya sauke hannunsa a hankali. Ba ya gani sosai, amma kunnensa ras yake, kuma ya san irin shirun da ya ji.

Mutane suka tuna la'asar ta gabato, suka fara neman takalma. Alhaji ne ya fita a ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce, "Gobe ka aiko min da makullin motar nan, ina so a duba birki kafin tafiya." Birkin nan a makon aka canza shi, kuma su biyun sun sani.

"To, Alhaji," in ji Baba.

Muka rage ni da shi da tele. Na tashi na kashe ta.

"Wa ya ci?"

"Tsoho ne, Baba."

"Ta ciki ya wuce shi ko ta waje?"

"Ta ciki."

Ya gyaɗa kai, kamar dama abin da ya zata ke nan. Ya laluba aljihu ya ciro makullin da ya fi ni daɗewa tare da shi, ya miƙo. Gefena ya miƙa, ba inda nake tsaye ba, sai da na gusa na karɓa.

"Kai masa yanzu, kar ya jira gobe." Ya juyo da fuskarsa wajena. "A gaban mutane, ke kuwa."

Ranar Talata ayari ya tashi, wani ne ya ja motar. Baba yana zaune a ƙofar gida da hantsi lokacin da ta ratsa bakin layinmu, ya bi ƙararta da kunne har ta ɓace, ya ce sabon direban yana saurin sa giya. Inna ta kwance jakar ta mayar da kayan cikin akwati.

Daga baya ya yarda aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe. Yanzu yana gane farar hula da kansa, ba ya bukatar tafinta, kuma an ɗauke 'yar kujerata daga bakin ƙofa. Yana nan da ransa, ina jin tarinsa kowace safiya, kuma da za a mayar da ni Lahadin nan shirun zan sake yi. Amma abin yana ci min rai har yau. In zai aike ni, ko zai tambaye ni maganinsa, "ke" yake cewa. Tun ranar bai sake ce min Uwata ba.