Agogon Modu

Modu ɗan mai gyaran agogo ne a Birni, zuriyar Barebarin da suka daɗe a Damagaram. A rumfar mahaifinsa ya tashi, cikin ƙarar agogai barkatai, kowane da nasa lokaci. Wataƙila shi ya sa ya girma yana ƙin saɓani. Da ya gama karatun lakwal ya yi ta buga takardu a biro-biro, daga wannan ofis zuwa wancan, har wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi a shekarar da fara ta cinye abin da fari ya rage. Aka damƙa masa ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya tilo ta mangazar hatsi, inda ake raba wa mabukata duk Litinin.

Na'urar tana da ciwo: duk sanda kuran na lantarki ya ɗauke, agogonta sai ya rikice. Modu ya gano cewa ana iya haɗa ta da wata babbar na'ura ta intanet mai riƙe da sahihin lokaci, ta riƙa saita kanta. Ya zaɓi guda a Faransa. Da aka nemi garin da za a bi lokacinsa, ya duba bai ga Damagaram ba, sai ya danna Paris. Lokacin sanyi ne, agogon can da na nan bakinsu ɗaya. Daga ranar, kowace safiya da na'urar yake daidaita agogon bango da na hannunsa, wanda ya gada wurin mahaifinsa.

Dokar mangaza ita ce a rufe ƙofa sha biyun rana, wanda bai shigo ba sai wani mako. Modu ke faɗa wa Nomau, gardin ƙofa, lokacin rufewa.

Wata Litinin, bazara ta kama, shugaban mangaza ya tafi Takieta, Modu ya tarar da agogon bango da na hannunsa sun zauna baya da awa guda. Bai yi ko shakka ba, ya tura su gaba.

Da ya ce a rufe, Nomau ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Babarbare, yau rana sauri take ne?"

"Rana ba ta da intanet, Nomau. Rufe."

Nomau na jan ƙyaure sai ga wata mata da goyo, ƙafafu duk sun tsage, buhu a naɗe ƙarƙashin hammata.

"Malam, don Allah. Barira ce, daga Guna. Tun asuba nake tafe, yara na bari da ganye a tukunya."

"Baiwar Allah, lokaci ya wuce. In na buɗe miki, sai na buɗe wa kowa."

"Wa kake gani bayana?"

Babu kowa. Duk da haka Modu ya ce sai Litinin mai zuwa. Ta gyara goyonta ta juya.

Da yamma a gida, matarsa Kaltuma ta kunna rediyo, mai labarai ya faɗi lokaci. Modu ya dubi hannunsa, ya ga awa guda ta yi yawa. Washegari wani abokin aiki da ya zauna Turai ya ce ai haka suke can, in zafi ya matso sai su tura agogonsu gaba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba; lokacin wasu ta faɗa.

Modu ya auna gero daga na gidansa, ya ɗaura a babur ya nufi Guna. Aka nuna masa gidan Barira, ƙofar an toshe ta da ƙaya. Wata tsohuwa ta ce na goyen ya cika a hanya, Barira kuwa ta kwashe sauran ta yi kudu, ba wanda ya san garin.

Modu ya ajiye geron wurin tsohuwar. Ya gyara na'urar, ya ci gaba da aikinsa shekaru ba tare da kuskure ba. Amma agogon mahaifinsa ya cire ya sa a akwati bai mayar da shi daidai ba, kuma Nomau ya ce tun daga nan Modu bai sake cewa a rufe ba sai ya fito da kansa ya dubi hanyar Guna.