Takalmina a Kan Kafet ɗin Alƙali

Ina 'yar shekara tara aka yi wa Baba bulala a tsakiyar kasuwarmu. Laifinsa, alƙali ya zo wucewa, kowa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, shi kuwa ya miƙe daga kan kekensa na ɗinki ya yi sallama a tsaye, takalmi a ƙafa. Ni na riƙa shafa masa man kaɗanya a baya, don haka kada wanda ya ce min in manta.

Ba Baba ya ƙirƙiro taurin kan nan ba. Akwai wani jagoran talakawa tun kafin Turawa su tafi, shi Baba ke bi sau da ƙafa. Abin da mutumin ya tsaya a kai ba ɓoyayye ba ne: Allah ya halicci kowa ɗa, ba bawa ba. Mulki amana ce ta jama'a, in sun ga dama su karɓe abinsu. Durƙuso na Allah ne, wanda kuma ya mai da addini bulala ya ci amanarsa. Alƙali ya ce wannan fitina ce, mai faɗinta ba a haɗa sahu da shi. Baba ya shekara yana salla a bayan masallaci shi kaɗai.

Da kuɗin mai suka zubo, gwamnati ta turo mu London koyon aikin jinya. Ina shekarar ƙarshe, a wani flat a Woolwich mai sanyi kamar randa, sai labari ya zo cewa alƙalin nan ya iso a duba masa ido. Ya sauka a gidan da ɗansa ya saya, ɗan kuma shi ke sa hannu a tallafin karatunmu. Aka ce ran Lahadi duk ɗalibai a je gaisuwa.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta san labarin. Ta ce, "Don Allah ki rufa wa kanki asiri. Wata bakwai ya rage miki. Ki durƙusa, ki tashi, a wuce wurin."

Na ce to. Ƙarya nake yi.

Ranar an wuni ana ruwa. Da muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato tube, na bar titi mai kyau, na ratsa ta cikin ciyawa, inda taɓo ya fi kauri. A bakin ƙofa takalma sun yi tsibi. Falo shimfiɗe da farin kafet, mutane a gurfane, tsoho a kan kujera da auduga a ido ɗaya. Na shiga da takalmina har gabansa, na tsaya ƙyam.

Na ce, "Malam, ina wuni. Ni 'yar telan nan ce da ka sa aka yi wa bulala a kasuwa saboda takalmi."

Shekara goma sha biyar ina jiran in ga fuskar nan ta canza. Ya ɗago idonsa mai lafiya, ya dube ni.

Ya ce, "Wane tela, 'yata? Ai suna da yawa."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na kafa dunduniya a kafet na murza, na sake murzawa, sannan na juya na fita.

Na san cewa jagoran Baba bai taɓa cewa a ɓata wa mutum shimfiɗa ba. Tuɓe takalmi don tsoro ya hana, ramuwa ma ba ya sonta. To shi ke nan, shi waliyyi ne, ni 'yar tela ce.

Kafin wata ya ƙare aka yi cancel ɗin tallafina. Na ƙarasa karatu da sharar ofisoshi a Peckham, hannuna duk ya tsattsage, ban yi nadama ko ta rana ɗaya ba. Abin da nake tsoro kawai Baba, don shi ya sayar da kekensa ya yi min kayan tafiya. Na rubuta masa komai, har maganar alƙali ban ɓoye ba.

Amsa ta zo da rubutun ƙanena. Gaisuwa, labarin damina, wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ba faɗa, ba yabo. Can ƙasa ya ƙara: "Baba ya ce a tambaye ki, da kika faɗa wa alƙalin, ya tuna shi daga baya?"

Na rubuta na ce ya tuna.