Kaskon da Kawu Nomau Ya Bar Mini

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, littafi a buɗe kan cinyata na danne shi da ludayi, sai na ji babur ya tsaya a ƙofa ba a kashe shi ba. Maigidana Rashidu ya shigo babu sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Hamdiya, Kawu ya faɗi a garaji. Kafin mu isa likita ya cika." Ban san lokacin da shinkafar ta zube ba.

Haka Allah ya karɓi abinsa, Kawu Nomau. Kai ne ƙanen mahaifiyata, kai ka riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwarta, kai ne kuma makaniken da duk direban da ke bin hanyar Agiye ya sani. An kai ka makwancinka bayan la'asar. An ce mini a ranar tasha ta yi tsit, direbobi sun bar fasinja a zaune sun bi gawarka.

Mutane suna ta ba da labarin alherinka a wajen zaman makoki. Wani ya ce ka taɓa barin tuwonka ya huce, ka hau babur cikin ruwan sama ka je daji inda motarsa ta mutu da mara lafiya a ciki. Ni abin da nake tunawa ƙarami ne. Duk lokacin da ka je Maradi sayen kayan gyara, sai ka dawo mini da littafin labari. Ba ka yi lakol ba, ba ka iya karatun boko ba, da hoton bango kake zaɓa. Har yau littattafan suna cikin akwatina, kowanne da shatin babban yatsanka na baƙin mai a bangonsa. Kana miƙo mini sai ka ce, "To ɗiyata, wannan karon wa zai auri wa? In an gama ki ba ni labari." In na fara ba ka labarin kuwa, kafin a kai ga ɗaurin aure ka yi barci.

A cikin littattafan nan jarumi da mota yake zuwa. Ni ma nawa da mota ya zo. Rashidu direba ne, yana jigila tsakanin Agiye da Maradi, amma abin da ya fi so a duniya shi ne wasan mota da samari ke yi a bukukuwa, inda ake shiga fili a guje, a murɗa sitiyari mota ta riƙa juyawa a wuri guda, jama'a na kewaye ana ihu. Ranar bikinmu ya yi, na leƙa ta ƙarƙashin mayafi, na ji kamar ni ce aka rubuta. Sai bara, a wani biki, na ga irin wasan da idona ya ƙare da wuta. Yaron da ke cikin motar bai fito ba. Tun ranar nake tsoron wasan nan. Yanzu kuma ba ni kaɗai ba ce a jikin nan, Kawu, ka sani, kai na fara gaya wa bayan matarka Inna Marwa.

Da damina Rashidu ya sayo wani inji mai turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ya kawo maka ka ɗora a tsohuwar motarsa ta wasa. Komai ya zauna sai abu ɗaya, kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, wanda ku makanikai kuke kira karter. Wanda ya zo da injin ya ƙi shiga jikin motar, dole a nemo wani. A nan aikin ya tsaya, ni kuma a nan na samu numfashi.

Ya kawo na farko, mai zurfi. Ka duba ka ce ya yi ƙasa da yawa, dutse ɗaya zai huda shi. Ya koma ya samo wani na dalma, fari tas yana ƙyalli, ya shigo da shi gidanka yana murna, ina nan na zo gaishe da Inna. Ka juya shi, ka ƙwanƙwasa, ka leƙa cikinsa, ka ce, "Sarkin gaggawa, wanga na ado ne. Kai ma Hamdiya ta soya maka ƙwai."

Ya ce, "Haba Kawu, mi ya same shi? Sabo ne fa."

Maimakon ka amsa masa sai ka kira ni. Ka sa na ɗebo ruwa a kwano, ka tsayar da kara a tsakiya, ka ce in juya kwanon da sauri. Ruwan ya gudu ya hau gefe, gindin karan ya bushe. Ka ce, "Kin gani? Haka inji yake shan mai, daga tsakiya. In mota tana juyi, man duk gefe yake gudu, sai in an yi mashi katanga a ciki ta tare shi. Wanga kuwa fili ne fayau. Turbo ba ta da haƙuri, in ta rasa mai ko na ƙiftawar ido ƙonewa take, inji ya cije, mota ta ƙwace a tsakiyar mutane. Sannan dalma in ta bugu tsagewa take, mai ya zuba kan salansa mai zafi." Ba ka ƙarasa ba, don ka ga fuskata. Na riga na san abin da ke biyo baya, na gani bara.

Daga nan ka ce za ka haɗa masa kasko da hannunka. Ka yanka tsofaffi biyu na ƙarfe, kana faɗaɗa gefe, kana yi wa ciki walda. Na same ka a garaji wata Juma'a bayan an sauko, babu kowa, na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah kada ka gama shi." Ka ce, "Ɗiyata, ni ban iya ƙarya a aiki ba. Amma tsufa ya kama ni, hannuna ya yi sanyi. Aikin zai jima." Ya kuwa jima. Damina ta wuce, aka yanke gero, motar tana kan duwatsu kaji na kwana a ƙarƙashinta. Kullum Rashidu ya tambaya sai ka ce saura kaɗan. Ni kuwa ina barci har da mafarki, saboda na san muddin kana raye babu makaniken da zai taɓa motar da ke hannunka.

Yanzu ba ka nan, Kawu. Wa zai ce masa saura kaɗan?

Ranar Asabar mai zuwa ake bikin Ashiru, aminin Rashidu, a Gazawa, ya kuma yi masa alkawarin wasa tun kafin ka rasu. Ya nemi kaskon da kake haɗawa a garaji bai gani ba, ya ɗauka ba ka gama ba. Ya ce zai sa a ɗaura na dalmar, an kuma samu wanda ya yarda zai ɗaura. Na roƙe shi har muryata ta dushe. Na tuna masa kwanon ruwa, na kama hannunsa na ɗora a cikina. Ya yi hawaye, don shi ma mutuwarka ta dake shi, amma ya ce, "Sau ɗaya ne, Hamdiya. Zan bi a hankali. Na riga na ba mutum baki." Na je wajen mahaifiyarsa, ta yi masa faɗa, ya ce to, ya fita ya ci gaba da shiri. A littafi, in mace ta yi kuka irin wanda na yi, namiji yakan jefar da makulli ya rungume ta. Na jira hakan, bai zo ba.

Jiya na koma wajen Inna Marwa, matarka. Da mata suka ragu ta ja ni ɗaka, ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gadonka. Kaskon ne, an gama shi tsaf, baƙi, mai nauyi, da katangunsa a ciki, har da farantin ƙarfe da ka yi masa don kare shi daga duwatsu. Ta ce tun kafin a yanke gero ka gama, ka ɗauko shi a ɓoye ka kawo gida. Ta ce ka ce mata, "In ta Allah ta kasance, ki ba Hamdiya. Ita ta san abin da za ta yi da shi."

Ban sani ba, Kawu, wallahi ban sani ba! Na wuni ina kallonsa. In na ɓoye shi, Rashidu zai shiga fili da wanda ka ce na suyar ƙwai ne. In na ba shi, da hannuna na buɗe masa hanyar da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ya toshe. Na sa hannu ina shafa waldar, layi bayan layi, babu inda ka yi ha'inci. Ashe kana ja mini lokaci, kana kuma shirya wa ranar da lokacin zai ƙare. Ka fi ni sanin mijina.

Allah ya jiƙanka, Kawu Nomau. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya saka maka da gidan Aljanna saboda marainiyar da ka riƙe ba ka taɓa bari ta ji maraici ba. Ya haɗa ka da ƴar'uwarka mahaifiyata a inda babu rabuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Marwa, da ƴaƴanka, ƙannena Yasin da Rufaida, da abokan aikinka na garaji, da direbobin tasha baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi maka addu'a, ya kuma sa Rashidu a ciki ranar Asabar.

Na kasa hana shi zuwa. Gobe da safe zan ɗora kaskon a kaina in kai garaji da ƙafata, ba kuma zan bar wurin ba sai na ga an ɗaura shi.